Tuttlingen, Sialkot da Shenzhen: Inda Ya Kamata Ƙaramin Asibiti a Damagaram Ya Sa Kuɗinsa

Duk likita ko ungozoma ko tsohon majo da ya tara abin da ya tara yana shirin buɗe ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Damagaram, haka ma kwamitin kula da wata cibiyar lafiya a Miriya ko Matamaye da ya samu kuɗin gyara ɗakin haihuwa, zai tarar da tambaya ɗaya da zarar dillalai sun fara kawo takardun farashi: kayan Jamus za a saya, ko na Pakistan, ko na Sin? Yawanci ana yanke maganar da sauri, ko dai a bi mafi araha domin kuɗin ba su da yawa, ko kuma a bi sunan Turai domin an tashi da jin cewa kayan Bature ba ya mutuwa. Ina ganin duka biyun suna jawo asara, domin garuruwan da suka yi fice wajen ƙera kayan asibiti kowanne da abin da ya ƙware a kai, kuma mai saye a nan yana da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta da nisan hanya da ya kamata ya sa cikin lissafi kafin ya dubi tutar da ke jikin kwali.

Tuttlingen ƙaramin gari ne a kudancin Jamus, a jihar Baden-Württemberg, a bakin kogin Danube, kuma mutanensa ba su kai dubu 40 ba. Asalin sana'ar garin ƙirar wuƙaƙe ce. A 1867 wani maƙeri mai suna Gottfried Jetter ya buɗe maƙerar kayan tiyata, ita ce ta zama kamfanin Aesculap, wanda yanzu yake ƙarƙashin B. Braun. Waɗanda suka koyi aiki a irin waɗannan maƙeru sun riƙa fita suna kafa nasu, har aka kai yau da ake lissafa kamfanonin kayan asibiti sama da 400 a garin da kewayensa. A nan ne kuma Karl Storz ya kafa kamfaninsa a 1945, wanda ya shahara da madubin leƙa cikin jiki, irin wanda ake tiyatar ciki da shi ta ƴar ƙaramar kafa ba tare da an yi wa mutum doguwar tsaga ba. Ƙarfin Tuttlingen yana hannun ma'aikatanta, domin saurayi yakan shafe sama da shekaru uku yana koyon ƙirar kayan tiyata kafin a ba shi takardar shaida, ƙarfin garin yana kuma cikin yadda ake gasa ƙarfen a ba shi taurin da ya dace da aikinsa, sannan a jiƙa shi cikin ruwan asid da ke sa fuskarsa ta yi wata siririyar kariya mai hana tsatsa. Waɗannan matakai biyu na ƙarshe ba a ganinsu da ido ranar saye, amma su ne ke bayyana bayan almakashi ya shiga tukunyar tururi da ake tsarkake kaya a ciki sau ɗaruruwa.

Sialkot kuwa babban birni ne a lardin Punjab na Pakistan, kusa da iyakar Jammu, kuma shi ne garin da ake ɗinka wani babban kaso na ƙwallon ƙafar duniya. Sana'ar kayan tiyata ta faro a can tun zamanin mulkin Ingila, lokacin da maƙeran gari suka fara gyara wa asibitin mishan kayan aikinsa, daga baya suka shiga ƙera sababbi. Yau garin yana fitar da kayan tiyata na ɗaruruwan miliyoyin dalar Amurka kowace shekara, kuma ƴan kasuwarsa ne da kansu suka haɗa kuɗi suka gina filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa da aka buɗe a 2007 domin kayansu su riƙa fita da wuri. Tsarin aikinsu ya bambanta da na Jamus. Akwai manyan masana'antu da ke da injuna na zamani da ɗakunan gwaji, akwai kuma dubban ƙananan shaguna da ake rarraba wa aiki, wannan yana buga ƙarfe, wancan yana bin sa da magagari, wani yana wasawa, wani yana gogewa har ya yi ƙyalli. Daga wannan tsari arahar ta fito, daga shi kuma bambancin inganci ya fito, domin kwali biyu da suka bar gari ɗaya a rana ɗaya na iya zama kamar ba ƙasa ɗaya ta yi su ba. A 1994 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta taƙaita shigar da kayan tiyatar Sialkot saboda rashin cika ƙa'idojin inganci, abin da ya tilasta wa manyan masana'antun garin gyara aikinsu da neman takardun shaida. An kuma sha kokawa kan sa yara aiki da rashin kariya ga ma'aikata a ƙananan shagunan, kuma wannan ma dalili ne da zai sa mai tsoron Allah ya fi son sanin sunan masana'antar da ta yi kayan da yake saye.

Abin da dillalai ba su cika faɗa ba shi ne garuruwan nan biyu a haɗe suke. An daɗe kamfanoni da ƴan kasuwar Tuttlingen suna sayo kayan da aka ƙera ko aka yi rabin ƙirarsu a Sialkot, su tantance, su ƙarasa, su buga sunansu su sayar. Ke nan Sialkot tana iya yin kaya mai kyau ƙwarai idan mai saye ya biya kuɗinsa kuma ya tsaya a kan sharuɗɗansa, kuma wani ɓangare na tsadar kayan Jamus kuɗin tantancewa ne da kuɗin ɗaukar alhaki. Ke nan kuma kalmar Jamus da aka zana a jikin hantsaki ba hujja ba ce ita kaɗai, domin sau da yawa ana nufin ƙarfen ne ko salon ƙirar, wani lokaci ma ba a nufin komai. Kayan kamfani na gaskiya yana ɗauke da sunan kamfanin da lambar kayan da za a iya nema cikin kundinsa a same ta.

Ga wanda zai haɗa akwatin haihuwa da akwatin ɗinki da na ƙananan tiyata, shawarata ita ce ya raba kayan gida biyu. Akwai waɗanda aikinsu yanka ne ko riƙo mai ƙarfi, wato almakashin yanka nama, mariƙin allura, da hantsakin kama jijiya. A kansu ne ingancin ƙarfe ke nuna kansa, kuma a kansu ne lalacewa ke cutar da majinyaci kai tsaye: mariƙin da allura ke juyawa a bakinsa yana tsawaita ɗinkin mace da ta yage wajen haihuwa, hantsakin da ke kuɓucewa kuma yana sakin jijiya a lokacin da ake tsaka da tsayar da jini. Waɗannan ya kamata a saya daga masu tsada, ko na Tuttlingen na asali ko na manyan masana'antun Sialkot masu suna, kuma idan hali ya yi a nemi masu hannu mai ruwan zinariya, domin wannan launi alama ce ta cewa an liƙa wa bakinsu wani ƙarfe mai tsananin tauri da ke daɗewa bai side ba. Sauran kayan kuwa, tasoshi, akwatunan ƙarfe, ƙarfen duba mahaifa, ƙarfen buɗe rauni da hantsakin ɗaukar auduga, ban ga dalilin biyan farashin Jamus a kansu ba, kuma kuɗin da aka rage nan ya fi amfani idan aka sayi akwatin haihuwa na biyu da na uku, domin ɗakin haihuwar da ke da akwati ɗaya tilas wata rana ya yi amfani da shi bai gama tsarkaka ba.

Akwai gwajin da mai saye zai iya yi da hannunsa kafin ya biya. A rufe mariƙin allura a ɗaga shi sama ta fuskar haske, idan haske yana ratsowa tsakanin haƙoransa to ba zai riƙe allura ba. A kulle hantsaki a haƙorin farko a ɗan buga shi a tafin hannu, idan ya ɓalle da kansa makullinsa ba shi da kirki. A yanka tsohuwar safar hannu da almakashi har zuwa tsininsa, a duba ko ya yanke sumul ko ya tauna. A shafa mahaɗar ƙarfen da yatsa a ji ko akwai kaifi ko ƙurajen ƙarfe, domin a irin waɗannan wurare jini ke maƙalewa. Wanda zai sayi da yawa ya karɓi samfuri ɗaya ya tafasa shi rabin awa cikin tataccen ruwa, ya bar shi ya huce a ciki, ya shanya, sannan ya duba ko ɗigon tsatsa ya fito. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba da amsa game da kayansa.

Sai dai ko na Tuttlingen ne ba ya jure wulaƙanci, kuma a nan ne kuɗi masu yawa ke salwanta. An koya wa ma'aikata da yawa jiƙa kayan aiki cikin ruwan jabel na minti 10, amma idan aiki ya yi yawa sai a manta da su su wuni a ciki, alhali sinadarin yana cin ƙarfe yana huda shi. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 kan tsarkake kayan asibiti ya ma ba da shawarar a daina wannan jiƙo kafin wanki, saboda yana lalata kayan kuma jini yana rage masa ƙarfi. Inda har yanzu ake bin tsohon tsarin, aƙalla a kiyaye lokaci, a ɗauraye nan take, a busar. Murhun pupinel mai tsarkake kaya da busasshen zafi, wanda ake kai shi digiri 170 na awa ɗaya, yana dakusar da kaifi a hankali, ita kuma tukunyar tururi tana son tataccen ruwa, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a garin da ruwan famfo kansa yake wahala. Asibitin da bai shirya wannan ba, sayen almakashin Jamus a gare shi zubar da kuɗi ne. Haka nan hidimar gyara da wasa kaya da kamfanonin Jamus ke alfahari da ita tana cikin farashin, amma mai asibiti a Tanut ko Gure da wuya ya ci moriyarta, domin aika almakashi Turai a dawo da shi ya fi sayen sabo wahala.

Idan aka koma ga na'urori masu aiki da lantarki, wato na'urar eko da ake duba masu juna biyu da ita, allon lura da bugun zuciya da numfashi, na'urar ƙirga jini da ta gwajin sinadaran jini, sai Sialkot ta fita daga maganar gaba ɗaya, Shenzhen ta shigo. Wannan birni yana lardin Guangdong na ƙasar Sin, daf da Hong Kong, kuma tun da aka mai da shi yankin tattalin arziki na musamman a 1980 ya zama cibiyar haɗa kayan lantarki, inda allo da batir da ƙananan sassan cikin na'ura duk ake samunsu a kusa. A kan wannan tushe kamfanin Mindray ya tashi a 1991, ya girma har a 2008 ya sayi sashen na'urorin lura da majinyata na kamfanin Datascope na Amurka a kan dala miliyan 202. A birnin ne kuma Edan da SonoScape da Comen suke. Kayan waɗannan kamfanoni suna aiki a asibitocin Turai ma, saboda haka maganar cewa duk kayan Sin jabu ne ta tsufa. Amma sauƙin samun sassa da ya ɗaga manyan shi ne kuma ya ba ƙananan masu haɗe-haɗe damar fitar da na'urori masu kyan gani, a liƙa musu duk sunan da mai oda ya so, bayan shekara biyu a nemi kamfanin a rasa. Araha ba ta ado, kuma a fannin nan ratar da ke tsakanin babban kamfanin Shenzhen da maras suna ta fi ratar da ke tsakaninsa da manyan kamfanonin Turai irin su Siemens na Erlangen ko Dräger na Lübeck ko Philips.

Kamfanonin Turai da Amurka da Japan har yanzu suna gaba a manyan na'urori, kamar hoton ƙwaƙwalwa da tiyatar madubi, kuma babban asibiti irin Asibitin Ƙasa na Damagaram, inda ake karɓar majinyata daga duk jihar ana kuma koyar da ɗaliban likitanci, yana da hujjar neman su. Ƙaramin asibiti kuwa da wuya kuɗinsa su kai sabuwar na'urar Turai, saboda haka zaɓin da ke gabansa a zahiri shi ne tsakanin sabuwar ta Shenzhen da tsohuwar ta Turai da aka gama aiki da ita a can. A wannan na fi karkata ga sabuwar, ba tare da jinkiri ba. Tsohuwar tana zuwa ba garanti, sau da yawa kamfanin ya daina yin sassanta, kuma kan eko ɗin da ake ɗorawa a ciki, wanda shi ne sashen da ya fi saurin lalacewa kuma yana cikin mafiya tsada, ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Wani bincike da masana biyu, Perry da Malkin, suka wallafa a 2011, wanda ya duba na'urori sama da dubu 112 a ƙasashe masu tasowa, ya gano cewa kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo da rashin tsarin kula da kaya da raunin abubuwa irin su lantarki. Mai kabu-kabu a garin nan ya san wannan lissafi sarai, shi ya sa yake sayen babur ɗin da kowane bakanike ya san cikinsa kuma kayan gyaransa ke kasuwa.

Na'urorin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, suna da wani tarko na daban, kuma a nan ƙasar da ta yi su ba ta da wani muhimmanci. Yawancin na'urorin ƙirga jini ba sa karɓar ruwan gwaji sai na kamfaninsu, saboda haka wanda ya sayi na'urar ya ɗaure kansa da dillalin na tsawon shekaru, kuma kuɗin ruwan gwajin da zai biya cikin waɗannan shekaru na iya wuce kuɗin na'urar kanta. Kafin a tambayi farashin na'ura, a tambayi nawa gwaji ɗaya yake tsayawa, wa yake da ruwan a Yamai ko Kano, kwana nawa yake ɗauka ya iso, da kuma yadda ake sanyaya wanda ke buƙatar sanyi a hanyar da ta kusa kilomita 900 daga Yamai. Ga ƙaramin labo, na'urar gwajin sinadarai da ke karɓar ruwan kowane kamfani ta fi kwanciyar hankali, ko da tana buƙatar ƙarin aikin hannu.

Zafi da ƙura da wuta su ne alƙalan ƙarshe. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40, alhali da yawa daga cikin na'urorin labo an rubuta a littafinsu cewa iyakarsu wajen digiri 30 ne, har da GeneXpert ta Amurka da ake gwajin tarin fuka da ita. Wanda ya sayi irin wannan na'ura ya sayi buƙatar ɗaki mai sanyi tare da ita. Na'urar tace iskar oksijin, wadda kamfanonin Sin irin su Yuwell na lardin Jiangsu ke yi da yawa, tana zuƙar iskar ɗaki ne, saboda haka a lokacin hazon hunturu matatarta tana toshewa da sauri, kuma dole a sayi matatu na ajiya da abin auna tsarkin iskar da take fitarwa, domin tana iya ci gaba da ƙara alhali abin da ke isa hancin yaro ya ragu. Ga firijin ajiye rigakafi an sauƙaƙa wa mai saye aiki, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin waɗanda aka gwada su a zafin digiri 43, kuma a ciki akwai na B Medical Systems na Luxembourg da Vestfrost na Denmark, akwai kuma na Haier da Aucma na birnin Qingdao, har da masu aiki kai tsaye da hasken rana ba tare da batir ba. Duk wanda ke cikin jerin ya ci jarrabawa ɗaya, sai a zaɓa bisa farashi da kusancin mai gyara. Game da wuta kuwa, ba wanda ya manta abin da ya faru daga watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke layin da ke kawo lantarki daga Najeriya. Duk kasafin da bai ware kuɗin na'urar daidaita ƙarfin wuta da batir na ajiya ba bai cika ba, kuma na'urar eko mai batir a jikinta ta fi mai kyan hoto da ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta.

Safar hannu da sirinji ba sa buƙatar dogon nazari. Malesiya ce ta yi fice a safar hannu, da kamfanoni irin su Top Glove da Hartalega, Indiya kuma tana da manyan masu yin sirinji, kamar kamfanin da ke yin Dispovan a Faridabad. Abin dubawa shi ne ranar ƙarewar wa'adi da inda aka ajiye kwalin, domin roba da ta sha zafin shago tana yagewa ko wace ƙasa ta yi ta.

Ta fuskar kuɗi, kayan Turai suna da fa'ida ɗaya da ba a cika lura da ita ba: sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, saboda haka farashin da aka yanka da yuro ba ya motsi kafin kaya su iso, alhali na Sin da Pakistan galibi da dalar Amurka ake yanka su, wanda aka saya ta Kano kuma yana bin hawa da saukar naira. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da suke bi ta Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar ta ƙara tsawo da tsada, kuma wannan ya ƙara wa dillalin da ke da kaya a ajiye cikin ƙasa daraja a kan wanda sai an biya zai yi oda. Kano ta fi kusa, tana da kaya da masu gyara, sai dai littafin na'urar da allonta sukan zo da Ingilishi, alhali ma'aikatanmu da Faransanci suka yi karatu.

Takardu biyu ya kamata a nema daga kowane dillali. Ta farko shaidar ISO 13485 ce, wadda ke nuna cewa masana'antar tana bin tsarin kula da inganci na kayan asibiti, kuma a duba cewa sunan da ke kanta shi ne sunan da ke jikin kayan, wa'adinta kuma bai ƙare ba. Ta biyu ita ce shaidar CE, alamar da ke nuna cewa kayan sun cika sharuɗɗan Tarayyar Turai, kuma a na'urori irin su eko da allon lura da majinyaci dole alamar ta zo da lambobi huɗu na hukumar da ta tantance, kamar 0123 na TÜV SÜD ko 0197 na TÜV Rheinland. Bayan haka sai yarjejeniyar saye, wadda ya kamata a rubuta a ciki cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an kafa na'urar a Damagaram, an gwada ta a gaban mai saye, an horar da aƙalla ma'aikata biyu, an miƙa littafin aiki da na gyara da Faransanci, an kuma rubuta farashin kan eko da batir da matatu tare da adadin kwanakin da mai gyara zai ɗauka ya iso idan aka kira shi.